Sandar da Sale Yake Ara

Kun gan ni da sanda biyu a kafaɗa kuna ta dariya, wai tsoho ya kwaso kayan rufin ɗaki zai tafi kamun kifi. Ku yi dariyarku. Jiya ma ɗayanku ya dube ni ya ce, "Baba Habu, ai fatsa aikin malalaci ce, a jefa ƙugiya a zauna ana danna waya." To madalla, Allah ya ba ka kifi a cikin wayar. Ku matso in ba ku labarin gajeriyar nan, baƙar, wadda kuka ce ta yi kama da muciya. Doguwar ba ta da wani labari, gora ce, kusan kowace shekara sai na sake wata.

Aikin farko da Kawu Inuwa ya sa mu ba kamun kifi ba ne, sarar sanda ce. Kawu ƙanin mahaifiyata ne, shi ya koya mana sana'ar nan a ƙauyenmu da ke gefen Sundimina, ni da Sale ɗan maƙwabtanmu. Ya miƙa mana adda ya ce mu je mu samo abin da za mu yi fatsa da shi. Muka dawo da gorori dogaye, sirara, masu sheƙi, muna taƙama. Kawu ya bari sai da iska ta taso da la'asar. Sannan ya ɗaga tawa sama ya ce, "Saurara." Sai ga ta tana fito, kanta yana ta kaɗawa.

Ya ce, "Sandar da ke waƙa a iska ƙarya za ta yi maka. Kifi ya taɓa, ta motsa. Iska ta taɓa, ta motsa. Wa za ka gaskata?"

A ranar muka san cewa masuncin kirki ba ya zuwa ruwa da sanda ɗaya. Akwai doguwa ta ranar da gari ya yi luf, akwai kuma ta biyu, wadda muke ce wa sandar iska. Ita gajera ce, daga ƙasa zuwa haɓar mai ita. Gindinta ya yi nauyi, kanta ya yi ɗan laushi kaɗan kawai. Ba a yin ta da gora, don gora hoto ce, cikinta fayau. Dargaza ake nema, ko marke ga mai ƙarfin damtse. Bayan an gama girbi ake sara, a shanya a inuwa, a miƙar da ita a kan garwashi, a shafe ta da man kaɗe har ta yi baƙi. In iska ta zo, sai ka cire 'yar totuwar da ke yawo a kan ruwa, ka ƙara dalma, ka sunkuyar da kan sandar kusa da ruwa, ka ɗora yatsa a kan zare. Daga nan ido ya gama aikinsa, saura yatsa. Wannan ne aikin malalacin naku.

Ranar da Kawu ya sallame mu, ya faɗa mana abin da har yau masuntan wajenmu suke riƙe da shi. Ya ce daga yau ba mai sake sara muku sanda. Mutum biyu kawai ake sara wa: yaro mai koyo, da wanda ya ƙare. In masunci ya tsufa ko ciwo ya ci ƙarfinsa, abokan sana'a sukan saro sanda, su je su jingine masa ita a zaure, su gaishe shi su fito. Ba wanda zai ce masa komai, shi ma ya gane. Ma'anarta ita ce, ka dogara da wannan ka je masallaci, ruwa kuma ka bar mana. Wanda aka jingine wa ba ya sake jefa ƙugiya. Aro kam ba laifi, don sanda kan karye wa kowa a bakin ruwa. Amma a sara maka, a ba ka kyauta? An gama da kai ke nan.

Ni da Sale mun yi wannan sana'a tare har furfura ta fito mana. Da ƙafa muka fara, muka koma keke, daga baya na sayi babur. Ranar kasuwar Gwaram mukan kai wa mata masu suya, musamman Talatu, wadda sai ta buɗe kunnen kowane kifi ta shinshina kafin ta yarda na yau ne, ko da yana motsi a hannunta. Sale dogo ne, ga taurin kai kamar jaki a bakin gada. Sandar iskarsa ta marke ce, mai nauyin tsiya, sai da hannu biyu ake sarrafa ta, kuma yana alfahari da hakan.

Sai ga shekarar da ba na son tunawa. Ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya yi rabi, dawa kuwa ba a magana. Kafin bazara duk kududdufan wajenmu sun bushe sun tsattsage, tun daga Unguwar Ya har bayan garinmu. A wannan shekarar ne kuma Sale ya faɗi a ƙofar masallaci bayan sallar azahar. Muka ɗauke shi zuwa asibiti a Birnin Kudu, aka ce hawan jini ne. Allah ya tashi kafaɗunsa, ya dawo gida yana tafiya, yana ɗan jan ƙafa. Amma hannun dama ya tafi. Ko kofin shayi ba ya riƙewa.

Ba a daɗe ba dattawan sana'a suka kira ni gefe. Malam Garba, wanda ya girme mu duka, shi ya yi magana. Ya ce, "Habu, kai ne amininsa. Gara ta fito daga hannunka."

Na ce, "Malam, wace?"

Ya ce, "Kada ka mayar da ni yaro. Sanda."

Na ce su yi min haƙuri zuwa faɗuwar ruwan farko. Malam Garba ya ce to, amma in sani, in Sale ya faɗa ruwa kafin lokacin, jininsa yana wuyana.

Shi kuwa Sale ya riga ya fara gyaran ƙugiyoyinsa da hannun hagu da haƙori. Gurbi ɗaya ne ya rage da ruwa a duk yankin, can wajen Gwaram, a ƙarƙashin wani falalen dutse. Zurfinsa ya shanye mutum a tsaye har da ɗaga hannu, dutsen kuma gangare ne, da ya jiƙe ya zama sabulu. Nan Sale ya ce zai je. Na je gidansa in lallashe shi, na tarar ya fita. Matarsa Hajara ta yi min magana ta bayan ƙofar zaure.

Ta ce, "Malam Habu, ni ban san abin da zan roƙe ka ba. In ka hana shi, baƙin ciki zai kashe shi a ɗaki. In ka bar shi, ruwa zai ci shi. Gidan nan kuma ka san da ƙugiyarsa muke ci."

Na ce, "Ki yi addu'a, Hajara." Na fito.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne lokaci. Ƙarshen bazara ne, lokacin da hadari kan haɗu a gabas ya turo iska gaba kafin ruwa. Da safe Sale zai iya da doguwar gora a hannun hagu, ba ta da nauyi. Amma in iska ta zo fa? Tasa ta marke ba zai iya ɗaga ta da hannu ɗaya ba. Tawa tsohuwa an yi ta ne don hannun dama, kuma ta yi masa gajarta. Dole a samo wata. In na sara masa, na binne shi da hannuna. In ban sara ba, iska ta tura shi. Ina tsaka mai wuya.

Akwai busassun dargaza uku da na soke a rufin rumbu tun bayan girbi. Na sauko da su. Na cusa hannuna na dama cikin aljihun riga, na sa matata ta ɗaure shi da ɗankwali don kada ya fito da kansa. Na ɗaura rabin bulo a zare, na tafi busasshen kududdufin bayan gida ina jefawa ina ja da hagu. Matata ta leƙo ta katanga ta ce, "Malam, lafiya kuwa? Ko in kira a yi maka tofi?" Na ce ta koma ta ga tukunyarta.

Ta farko ta yi tsawo, bulon yana rinjayar wuyan hannu. Ta biyu ba nauyi, daɗin riƙo, amma na san irinta, iska za ta sa ta waƙa. Ta uku ce mummunar, mai kauri a gindi da ɗan lanƙwasa. Da na dafa gindinta a ƙuguna na hagu sai na ji ta zauna daram, ƙugu ya zama hannu na biyu. Na yanke ta daidai haɓar Sale, ba tawa ba, don na san tsawonsa kamar yadda na san hanyar gidanmu. Na fafe wurin zaman babban yatsa a gefen da hagu zai kama. Na naɗe mariƙin da robar cikin tayar keke, na juya naɗin ta yadda damƙar hagu za ta ƙara matse shi.

Sai maganar igiyar wuyan hannu, wadda ta hana ni jin ɗanɗanon abinci. Mai hannu ɗaya yana gajiya, dole a yi masa 'yar igiya ya zura hannu don kada sandar ta kuɓuce. Amma ku yi tunani, ku masu cewa aikin malalaci ne. In babbar tarwaɗa ta fizga, mutum yana ɗaure da sanda, a kan dutse mai santsi, da ƙafa ɗaya da rabi, ina za shi? Ba igiya, ya yar da sanda a gaban mutane, a ce ya ƙare. Da igiya, kifi ya ja shi gurbi. Na gwada zaren roba, ko da na rataya a reshe na yi lilo bai tsinke ba, na jefar. Na gwada tsumma, tun kafin a ja ya yage. A ƙarshe na tsaga kaba sirara na kitsa. Na yi ta kitsawa ina fizga, ina rage sili ina ƙarawa, har na samu wadda za ta riƙe nauyin sanda da matsakaicin kifi, amma ta tsinke kafin ta ɗaga mutum daga inda yake tsaye. Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba, don bulo ba tarwaɗa ba ne.

Ranar da za mu tafi na bar tsohuwar sandar iskata a gida, na ɗauki wannan a matsayin ta biyuna. Sale ya fito da doguwar gorarsa kaɗai. Ban tambaye shi ina ta marke ba, shi ma bai faɗa ba. Na goya shi a babur har inda hanya ta ƙare, sauran muka taka. Masunta sun cika bakin gurbin, tunda ba wani wuri, Malam Garba ma yana nan. Kowa ya gaida Sale da fara'a, kowa kuma yana satar kallon hannunsa.

Da hantsi lafiya lau. Sale yakan danne ƙugiya da yatsan ƙafa ya soka tana da hagu, ya jefa. Har ya ciro 'yan karfasa, ya dube ni ya ce, "Habu, ina naka? Ko barci ka zo yi?" Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba, don idona yana gabas. Zafi ya yi yawa, irin wanda ba ya ƙarewa lafiya.

Bayan azahar gabas ta yi baƙi ƙirin. Balbelu suka tashi suka wuce ta kanmu. Sai iska ta fara, da farko a hankali, sannan ta zo gaba ɗaya, ruwan gurbin ya murtuke. Kowa ya ajiye doguwa ya ɗauki gajera. Ni na ajiye gajeriyar a kan dutse tsakanina da Sale, na ci gaba da fama da doguwar gora kamar wanda ya fara fatsa jiya.

Wani ya ɗaga murya ya ce, "Habu, ka haukace ne? Ba ga sandar iskarka nan ba?"

Na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Bar ni da ita! Na ɓata ta wajen gashi, ta ƙi hannuna sam."

Sale ko waiwayowa bai yi ba. Yana tsaye a gangaren, iska tana kaɗa gorarsa, gorar tana kaɗa shi. Kowace bugawa sai na ga ƙafarsa mai ciwo ta ja ta matsa gaba. Wallahi ina ta Hasbunallahu a zuci. Ina so in ce ɗauki wannan, amma na san halinsa, in na miƙa masa ko mutuwa zai yi ba zai karɓa ba. Sai wata iska ta zo ta fizge gorar daga hannunsa, ta wulla ta tsakiyar gurbi.

Sale yana tsaye hannu wayam, mutane suna kallonsa. Malam Garba ya ce a hankali, "Sale, zo nan ka zauna kusa da ni." Na san in ya zauna ɗin nan, gobe akwai sanda a zaurensa.

Sale bai je ba. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Habu, ara min waccan, tunda ta ƙi ka."

Na ce, "Ɗauka mana, in za ta yi maka. Ni dai ba ta da amfani a wurina."

Ya sunkuya ya ɗauka. Na ga babban yatsansa ya faɗa cikin fafen nan kamar an auna, ai kuwa an auna. Ya tsaya. Ya dubi robar, ya dubi kabar, ya tsayar da sandar ta taɓa haɓarsa. Ya zura hannu a kabar, ya sa tana, ya dafa gindin a ƙugu, ya jefa.

Yayyafi ya fara, dutse ya jiƙe. Na ajiye gorata na koma bayansa na tsaya, kusa yadda hannuna zai kai rigarsa, amma ban taɓa shi ba. Ba a daɗe ba kan sandar ya nutse. Tun daga yadda ya nutse na san ba karfasa ba ce. Sale ya tanƙware baya yana ja, ita tana ja. Ta yi hagu, ta dawo, sannan ta doshi ƙasan dutse da ƙarfinta duka. Ƙafarsa ta zame. Na ce, "Innalillahi!" Sai na ji tas, kabar ta tsinke. Maimakon ya bi ta gaba, sai ya faɗi zaune daɓas a kan dutsen.

Sandar ta kama zamewa za ta ruwa. Kafin in yi motsi ya kife a kanta, ya danne ta da gwiwar hannun nan na dama da aka ce ya mutu. Ya kamo zaren da hagu, ya ja, ya riƙe da haƙori, ya sake kamowa ya ja. Zaren ya yanke masa leɓe, jini yana bin gemunsa, ruwa yana dukanmu. Ba wanda ya taya shi, don ba a taɓa zaren wani sai ya nema, kuma bai nema ba. A haka ya jawo ta har kan dutse. Tarwaɗa ce, tsawon hannun mutum, ba wata dodon ruwa ba, na sha kama wadda ta fi ta. Amma sai na zauna a cikin ruwan saman nan ina haki kamar ni na ja.

Malam Garba ya zo ya duba kifin, ya duba Sale, ya ɗauki sandar ya jujjuya ta. Ya ga fafen, na san ya gani. Ya ce, "Ta wa ce?"

Sale ya tofar da jini ya ce, "Ta Habu ce. Aro na yi."

Malam Garba ya dube ni ya ce, "Aro ba laifi." Ya ajiye ta ya koma wurinsa. Daga ranar ban sake jin maganar jingina sanda ba.

Da muka iso ƙofar gidansa, Hajara tana leƙe ta zaure, Sale ya sauka daga babur ya miƙo min sandar. Ya ce, "Ga kayanka. Amma Habu, tun yaushe ka zama bahago?"

Na ce, "Tun ranar da ka fara yawan tambaya."

Ya juya zai shiga, sai ya tsaya ya ce, "Gobe ka sake mata kaba. Kada ka ƙara mata ko sili ɗaya."

Haka muka ci gaba har iyakar kwanan da Allah ya ɗibar masa. Ko sau ɗaya sandar nan ba ta kwana a gidansa ba. Da magariba ya dawo min da ita, da safe in ɗauko ta tare da tawa. In mun isa bakin ruwa, gari ya yi tsit, ko ganye ba ya motsi, sai ya ɗaga kai ya dubi sama ya ce, "Habu, yau kamar za a yi iska. Ara min waccan." A ɗakinsa ya rasu, a kan shimfiɗarsa, da ƙugiyoyin gobe a gyare a gefe. Ba wanda ya taɓa jingine masa sanda a zaure.

To kun ji dalilin muciyar da nake saɓawa. Har yau in kabar ta bushe nakan kitsa mata sabuwa. In iska ta taso kuwa sai dai in tattara in dawo gida, don ba ƙarya na yi ba a ranar nan, da gaske ta ƙi hannuna. In akwai bahago a cikinku da yake son koyon aikin malalata, ya same ni da safe ya ara. Aro dai na ce. Da magariba a dawo min da ita.